Neman kalma: me za mu kira mai aikin fodiyatiri? Gobe zan naɗi shiri

Mai Shirin Matasa: Assalamu alaikum malamaina. Gobe da ƙarfe 10 na safe zan naɗi shirin rediyo kan zaɓen sana'a. Tambayar wannan makon daga wata ɗaliba ce: ta karanci aikin haƙori ne ko fodiyatiri? Na farkon ba matsala, likitan haƙori kowa ya san shi. Na biyun ne ya tsaya mini a wuya. Fannin da ke kula da ƙafa ne daga idon sawu zuwa yatsu: farcen da ya shige nama, kanta, ciwon diddige, gyambon masu ciwon suga. Kalmar za ta yi ta maimaituwa, don haka gajera nake so.

Ɗan Fassara: Likitan ƙafa. An gama.

Uwar Biyu: Ba a gama ba, ƙanena. Ƙafa a wurinmu daga cinya take farawa. Wanda ya karye a ƙwauri zai ce ƙafarsa ta karye, mai ciwon gwiwa ma haka. In ka ce likitan ƙafa, mai sauraro likitan ƙashi zai hango. Ka sa likitan sawu.

Ɗan Fassara: Yaya, sawu ai abin da ƙafa ta bari a ƙasa ne. Likitan sawu kamar wanda ake kira ya bi sawun ɓarawo. Kuma da muka ce ƙwallon ƙafa, wa ya taɓa zaton da cinya ake bugawa?

Uwar Biyu: To idon sawu fa? A ƙasa aka bar shi?

Malamin Nahawu: Ku yi haƙuri, duk kun bar jaki kuna dukan taiki. Matsalar tana ga kalmar likita. Aro ce daga Turanci, kamar asibiti. Har yaushe za mu riƙa ɗauko likita mu liƙa mata sassan jiki? Turawan ma ƙirƙira suka yi daga Girkanci: fodos ƙafa, iyatros mai warkarwa. Mu ma muna da maƙera. Fannin a kira shi sawanci, mai yin sa masawaci, mace masawaciya, jam'i masawata. Na daɗe ina amfani da ita a aji.

Ɗan Fassara: Ranka ya daɗe, marubuci daga rubuta yake, mahukunci daga hukunta. Masawaci daga wane aikatau? Sawata? Ban taɓa jin an ce "je ka a sawata ka" ba.

Malamin Nahawu: Tsoro ya ba da tsorata, fushi ya ba da fusata. Me zai hana sawu ya ba da sawata? Ƙa'idar tana nan, masu amfani da ita ne suka yi barci.

Uwar Biyu: Malam, Allah ya ƙara ilimi, amma rediyo ne. In yaron nan ya ce ɗaliba tana son ta shiga sawanci, rabin masu sauraro zawarci za su ji.

Ɗalibar Haƙori: Ni fa kalmar likita ce ban yarda da ita ba, amma ba don dalilin Malam ba. A Ingila shekara 5 ake yi kafin a zama likitan haƙori. Fodiyatiri yawanci digirin shekara 3 ne, kuma hukumar da ke yi musu rajista daban take da ta likitoci, tare suke da masu gashin ƙashi da irinsu. Ta yaya za a ba mu suna ɗaya da mai yankan farce? A ce masa jami'in kula da ƙafa.

Tsohon Nas: 'Yata, janye maganar yankan farce. Na yi shekaru ina wanke gyambon masu suga. Ciwon suga yana kashe jijiyoyin ji, mutum ya taka ƙusa ko takalmi ya goge shi bai sani ba, jini kuma ba ya isa yatsu yadda ya kamata, sai ɗan rauni ya ƙi warkewa har a kai ga yanke ƙafa. Wanda ya san yadda zai kankare mataccen nama, ya rage wa wurin nauyin taku, ya gane lokacin da ciwon ya kai ga ƙashi, shi ke tsaye tsakanin mutum da sanda. Ƙafa ɗaya ƙasusuwa 26 ne da gaɓoɓi 33. Haƙoran babba 32 ne, kuma in ɗaya ya fita da sauran.

Ɗalibar Haƙori: Baba, ban raina aikin ba. Amma a Baltimo ta Amurka aka buɗe kwalejin haƙori ta farko a duniya tun 1840, kuma tun 1728 Bafaranshe Fiya Fosha ya fitar da littafinsa kan fannin. Mun riga su zama ilimi mai zaman kansa.

Tsohon Nas: Tunda kin kawo Amurka, a can mai fodiyatiri sai ya gama digirin farko, ya yi shekara 4 a makarantarsu, ya ƙara 3 na horo a asibiti. Dakta ake kiransa, yana tiyata, yana rubuta magani. Likitan haƙori a can shekara 4 yake yi bayan digirin farko, kuma a yawancin jihohi yana iya fara aiki da zarar ya sami lasisi. To wa ya fi daɗewa a makaranta?

Malamin Nahawu: Kun ga abin da nake faɗa? Da kun karɓi masawaci, da babu wannan rigimar girma. Kalmar ba ta ce likita ba, ba ta ce ba likita ba. Likitan haƙorin ma ina da tasa: mahaƙurci.

Ɗan Fassara: Mahaƙurci kuma? Wannan ai mai haƙuri ne, Malam, wanda aka ce mawadaci ne.

Uwar Biyu: Ya dace da wanda ke kwance a kan kujerar, bakinsa a buɗe.

Malamin Nahawu: Dariya ba hujja ba ce. Su ma Turawan da can kirofodi suke cewa, wato hannu da ƙafa, suka ga bai dace ba suka sauya. Ba wanda ya ce musu kunne bai saba ba.

Mai Shirin Matasa: Malamai, dare yana yi. Ɗalibar nan abin da take son ji shi ne bambancin rayuwar aikin. Na rubuta cewa mai aikin haƙori yini yake a sunkuye kan wuri ƙarami, yana buƙatar hannu mara rawa da haƙuri da masu tsoro, wuya da baya kuma su ke shan wahala. Ɗayan kuma zai yi ta ganin tsofaffi da masu suga da 'yan wasa, wasu tsawon shekaru, kuma dole ya iya jure wa gyambo. Sannan ta fara bincika ko ƙasar da take son yin aiki ta san fannin ma, don haƙori kusan ko'ina yana da makaranta da hukuma, fodiyatiri kuwa ba haka ba. Sunan kawai ya rage.

Uwar Biyu: To ga sulhu. A farkon shiri ka ce "likitan ƙafa, wato mai kula da ƙafa daga idon sawu zuwa yatsu, wanda Turawa ke kira fodiyatiris". Daga nan ka ci gaba da likitan ƙafa. Na haƙura da sawu, amma kada ka tsallake bayanin.

Ɗalibar Haƙori: Ka ƙara da cewa ba a kowace ƙasa ake ɗaukarsa likita ba. In ka faɗi wannan, ba zan kira tashar ba.

Mai Shirin Matasa: Zan faɗa. Fannin kuma likitancin ƙafa?

Ɗan Fassara: Ko aikin likitan ƙafa. Duk wanda ya fi sauƙi a bakinka.

Malamin Nahawu: Ku yi yadda kuka ga dama. Ni dai a ajina masawaci ne. Ɗana, ko sau ɗaya ka ambace ta a ƙarshen shirin, ka ce wasu malamai sun ba da shawararta, mu ji me masu sauraro za su ce.

Mai Shirin Matasa: In minti ya ragu, Malam.

Malamin Nahawu: Ba zai ragu ba, na sani.