Neman shawara: yadda ake karanta alƙaluman wasan kwando na jami'o'in Amurka

Nura: Assalamu alaikum 'yan zaure. Wasannin ƙwallon kwando na jami'o'in Amurka tsakar dare suke faɗowa a lokacinmu, sai da safe nake buɗe teburin alƙaluma, kuma ban da maki ba abin da nake ganewa. A ina ya fi dacewa in riƙa dubawa, wane layi kuma zan fara karantawa?

Koci Bala: Wa alaikumus salam Nura. Manhajar ESPN ta ishe ka a matakin farko, kyauta ce, ana tashi wasa teburin ya fito. Amma ka daina farawa da layin maki. Ɗauki wasan ƙarshe na maza na 2024, UConn da Purdue. Zach Edey na Purdue ya ci maki 37, ya kama ƙwallo 10 daga allo, duk filin ba wanda ya kusance shi. Purdue ta sha kashi 75 da 60. Cire 37 daga 60, ka ga duk sauran 'yan wasan 23 suka haɗa. Sai ka gangara layin da aka rubuta 3PT, wato jifan maki uku: sau 7 kacal suka gwada, 1 ya shiga. Ƙungiyar da ta yi kakar kusan kashi 40 cikin ɗari na jifanta daga nesa yana shiga ke nan. Dan Hurley, kocin UConn, ya bar Edey ya ci abin da zai ci a ƙarƙashin kwando, ya sa yaransa suka manne wa masu jifa daga waje. Duk labarin wasan yana cikin wannan layin guda.

Nura: Allah ya saka da alheri Koci. To FG ɗin da ke gefe fa, mai lamba biyu da ɗan layi a tsakani?

Koci Bala: Lambar farko jifan da ya shiga, ta biyu wanda aka gwada. Edey 15 cikin 25 ya yi a daren, ka ga bai ɓarnatar da ƙwallo ba. Duk wanda aka ce maka ya ci maki da yawa, tambayi sau nawa ya jefa.

Maryam: Malam Nura, ka haɗa da wasan mata na shekarar, shi ya fi koyarwa a ganina. South Carolina 87, Iowa 75. Caitlin Clark ta Iowa ta ci 30, 18 daga ciki a zangon farko kaɗai, amma jifa 28 ta yi, 10 suka shiga. Ni layin REB nake fara dubawa, ƙwallon da aka kama bayan jifa ya kuskure. South Carolina ta kama 51, Iowa 29, Kamilla Cardoso ta South Carolina ita kaɗai 17. Sannan makin 'yan benci: South Carolina 37, Iowa babu. Tessa Johnson, 'yar shekarar farko, daga benci ta taso ta ci 19. Idan ƙungiya tana jifa ta kuskure ta sake kamawa ta sake jifa, mai riƙe ta zai gaji ko waye shi. Da haka suka rufe kakar da nasara 38 ba faɗuwa ko ɗaya.

Usman: Anti Maryam ta faɗi gaskiya. Ni shawarata shafin Bart Torvik, shi ma kyauta ne. KenPom na Ken Pomeroy ya fi suna, amma sai ka biya kafin ka ga cikinsa sosai. Dukansu ba sa auna ƙungiya da makin da take ci a wasa, suna lissafa abin da take ci duk riƙon ƙwallo 100. Dalili kuwa, wata ƙungiyar gudu take yi, wata kuma sai ta kusa cinye daƙiƙa 30 ɗin da aka ba ta kafin ta jefa. Virginia a zamanin koci Tony Bennett haka ta riƙa jan wasa a hankali, wanda ya kalli makinta zai ɗauka ba ta iya kai hari ba, alhali a 2019 da ta ɗauki kofi harinta yana sahun gaba a wannan lissafin.

Nura: Ba zai yi mini nauyi ba Yaya Usman? Lissafi ba fannina ba ne.

Usman: Su suka yi lissafin, kai karantawa kawai. Abu huɗu za ka riƙe: kyawun jifa, zubar da ƙwallo wato TO, kama ƙwallo a allon abokan hamayya, da yawan zuwa layin jifan kyauta. Kar kuma ka gwada makin ɗan jami'a da na ɗan NBA kai tsaye, nan minti 40 ake yi, can 48, kuma keta biyar ke fitar da mutum a jami'a.

Malam Habu: Ku bar ni in sa baki. Alƙaluma suna da amfani, amma akwai abin da ba sa ɗauka. Wasan ƙarshe na 2025, Florida 65, Houston 63. Walter Clayton Jr. na Florida bai ci ko maki ɗaya ba kafin hutun rabin lokaci, 11 ya tashi da su, Will Richard ne ya riƙe su da 18. A riƙon ƙarshe Emanuel Sharp na Houston ya yi tsalle zai yi jifan maki uku, Clayton ya taso masa da hannu a sama, Sharp ya saki ƙwallon ƙasa don kar a kama shi da laifin tafiya riƙe da ƙwallo, ya tsaya yana kallonta ba damar taɓawa, Alex Condon na Florida ya faɗa kanta, lokaci ya ƙare. A tebur za ka ga an zubar da ƙwallo ne kawai, sunan Clayton ba ya wurin. Saboda haka bayan ka karanta, je tashar March Madness a YouTube ka kalli taƙaitaccen wasan.

Koci Bala: Haka ne Malam, ban musa ba. Tebur yana nuna maka inda za ka sa ido ne idan ka zo kallo.

Maryam: Ga mai son tsofaffin alƙaluma kuma, Sports Reference na da ɓangaren jami'o'i. Nemi Udoka Azubuike, ɗan Najeriya da ya buga wa Kansas. Kusan uku cikin huɗu na jifansa a fili sun shiga, amma a jifan kyauta bai kai rabi ba, shi ya sa wasu ƙungiyoyin suke yi masa keta da gangan a ƙarshen wasa. Duba kuma Adama Sanogo ɗan Mali, wanda ya buga wa UConn gasar 2023 cikin azumin Ramadan, ya ci 17 ya kama 10 a wasan ƙarshe da San Diego State, aka ba shi gwarzon gasar.

Nura: Na gode ƙwarai. Yau da daddare zan buɗe na Purdue ɗin nan in bi shi layi-layi. Koci, idan na maƙale a na keta da jifan kyauta zan turo hotonsa nan.

Koci Bala: Turo, ka haɗa da layin mintuna, mu ga wa aka zaunar da wuri saboda keta.