Waɗanda suka taɓa gwada tai chi (salon faɗan Chaina mai motsi a hankali) da mutumin da bai ba su haɗin kai ba, me ya faru?

Ɗalibi a Henan:
Assalamu alaikum. Bidiyon nan na 2017 ya sake yawo, wanda Xu Xiaodong ɗan MMA (faɗan da ke haɗa dambe da kokawa) ya kayar da malamin tai chi Wei Lei a Chengdu cikin 'yan daƙiƙu ya bi shi ƙasa da naushi, toh tun daga nan abokaina na gida suke ta min magana wai rawar tsofaffi nake koyo. Ina son waɗanda suka taɓa haɗa jiki da gaske su faɗa mana abin da suka gani.

Bari in fara da nawa. Na je Chenjiagou, ƙauyen da ake danganta asalin tai chi da shi, garin Chen Wangting wanda soja ne a ƙarni na 17. Da safe kowa na yin motsin nan a hankali, amma da yamma samarin suna yin tuishou, wato turereniya da hannu, kuma wlh ba a hankali suke yi ba, kama-kama ce da kayarwa a kan katifa. Wani yaro da bai kai ni jiki ba ya ɗora tafukansa a gwiwar hannuna, na tura da ƙarfi sai ya juya ƙugu kawai, ƙarfina ya wuce ta gefensa, kafin in gyara tsayuwa ƙafarsa na bayan gwiwata kafaɗarsa na ƙirjina. Bugun kafaɗan nan suna ce masa kao, yana cikin motsin da muke yi kullum da safe.

Ɗan kasuwa a Guangzhou:
Wa alaikumus salam ƙanena. Ni na yi kokawar gargajiya a Nijar ina saurayi, don haka na san riƙo. Akwai wani dattijo a lambun da ke kusa da masaukina, ya kusa saba'in, ya yarda muka tsaya ƙafa ba ta motsi muka haɗa hannu. Gaskiya ban samu inda zan ɗora ƙarfina ba, kamar ka jingina da ƙofar da ba a kulle ba, duk inda na danna sai wajen ya ɓace, da na ja baya kuma ya biyo ni ya ɗaga ni daga duga-dugai. Amma fa da na sunkuya zan ɗauki ƙafarsa sai ya ɗaga hannu ya ce babu wannan a wasansu. Ka ga kenan a tsaye cikin ƙa'idarsa ya fi ni nesa ba kusa ba, in ƙa'idar filin kokawa ce kuma labari zai canza.

Mai koyon sanda (damben Chaina):
Ku yi haƙuri amma ku biyun duk maganar riƙo kuke, babu wanda aka kai wa naushi. Ni tai chi salon motsi 24 na fara, wanda gwamnatin Chaina ta tsara a 1956 don lafiyar jiki, na iya shi sosai har malamin na sa ni gaba. Ranar da na sa safar dambe na shiga fili da 'yan sanda, damben Chaina nake nufi, hannuna yana can ƙasa wajen ciki yana jiran a taɓa shi, shi kuwa abokin karawata bai ba ni hannu na taɓa ba, ya shigo ya buga ya fita ya sake shigowa, hancina ya fashe. Ba a taɓa koya min tare fuska ba, ba a taɓa koya min tazara ba. Abin da ya samu malamin tai chi Ma Baoguo kenan a 2020, faɗuwa uku cikin daƙiƙa 30. Abu ɗaya da zan yarda da shi, in muka rungumi juna ana neman kayarwa, ina jin inda nauyin mutum yake kafin ya motsa, kuma wuya a tumɓuke ni, wannan kam daga tai chi na samo.

Ɗaliba a Beijing:
Nawa ba faɗa ba ne amma shi ne abin da ya fi faruwa da mu mata. A tashar mota da dare wani mutum da alama a buge yake ya cafke min wuyan hannu. Ban yi tunani ba, jikina ya yi murɗawar nan ta tai chi salon Chen, na sauke gwiwar hannu na juya ƙugu, hannun ya fita ta wajen babban yatsansa, na shige shagon da ke kusa na tsaya wurin mai kuɗi har ya tafi. Malamarmu tana sa mu riƙe juna da ƙarfi sosai a aji har wurin ya yi ja, ina ganin shi ya sa ya yi aiki. Da a iska kawai muke yi da ban kuɓuta ba.

Ɗan kasuwa a Guangzhou:
Allah ya ƙara tsarewa 'yata, kin yi daidai da kika nemi wajen mutane.

Ɗalibi a Henan:
Amin Baba. Malam mai sanda, ban musa maka ba ko kaɗan. Shi Yang Luchan, shahararren malamin tai chi da ya koya a Chenjiagou ya kai abin Beijing, da karawa ya yi suna, kuma samarin da na gani a ƙauyen akwai masu haɗawa da sanda. Tambayata, ka bar tai chi ɗin gaba ɗaya ne ko kana haɗawa?

Mai koyon sanda:
Ina haɗawa, da safe in yi shi saboda gwiwa da numfashi, da yamma fili. In za ka shigo ka sayi robar haƙori tukuna, kuma ka gaya wa kocin sabon shiga ne kai don ya haɗa ka da wanda zai sassauta hannu.