Shawarwarin da aka bayar kan ƙirƙirar gumaka a wasan teburi

Wasu masu buga Dungeons & Dragons, wasan teburi da ake ƙirƙirar duniya 'yan wasa su taka rawar jarumai a cikinta, sun ce kar ka cika duniyar da ka ƙirƙira da gumaka, biyar ko shida sun isa, kowanne da aikinsa. Wasu suka ce a ari tsarin Girkawa, Zeus da Hades 'yan'uwa ne, rigimar dangi kuwa ita ke kawo labari. Ni wadda ta fi kwanta min ita ce a faro daga ƙasa, wato idan damina ta makara ina manomi yake zuwa, akuya yake kaiwa ko damin gero. A Eberron ma, wata duniyar wannan wasa da aka fitar a 2004, ba a ganin gumakan, imanin mutanen ne kawai. Sannan don Allah ka tambayi abokan wasanka tukuna, wani ba zai so a taɓa addininsa ba.