Musayar Waƙa: Lauya, Na'ura da Babban Yatsa

Barista Lawal (Asabar, 9:40 na dare):
Assalamu alaikum 'yan zaure. Ga abin da za mu juya a makon nan. Wani fasinja, Roberto Mata, ya maka kamfanin jirgin Avianca a kotun jihar New York, daga baya aka mayar da ƙarar kotun tarayya, ya ce keken rabon abinci ya doke shi a gwiwa a 2019, a jirgin da ya taso daga El Salvador. Bai shigar da ƙara ba sai 2022, alhali yarjejeniyar Montreal ta sufurin jiragen sama tsakanin ƙasashe shekara biyu ta ba fasinja ya shigar da ƙara. Lauyansa Steven Schwartz ya nemi ChatGPT, manhajar kwamfuta mai amsa tambayoyi, ta samo masa hukunce-hukuncen da za su ceci ƙarar, ta ba shi shida waɗanda babu kotun da ta taɓa yanke su, cikinsu har da Varghese da China Southern, ta kuma ce za a same su a Westlaw, rumbun hukunce-hukunce na intanet. Ranar 22 ga Yunin 2023 Mai Shari'a Kevin Castel ya ci lauyoyi biyu da ofishinsu tarar dala 5,000, ya sa su rubuta wa alƙalan da aka yi wa ƙage, ya kuma kori ƙarar.

Da sunan Ilahi nake fara zance,
Batun al'ajab ne cikin duniya.

A jirgin Avianca keken abinci
Ya doki gwiwar Mata, ba lafiya.

Dokar Montiriyal ta ce shekara biyu kacal ne,
Idan ka wuce, ba batun tausaya.

Da lauyan ya hango hukunci gabansa,
Ya buɗe na'ura, ya yo tambaya.

Ta jero hukunci shida har da shafi,
Da lamba da kotu, kamar gaskiya.

Ya koma gare ta: hukuncin da gaske?
Ta ce: je ka Westlaw. A nan ya tsaya.

Da Castel ya gane, ya sa musu tara,
Dala ce dubu biyar, ban da kunya.

Ina masu cewa na'ura gwana ce?
Safiyya, ki wanke maƙaryaciya.

Safiyya Injiniya (Asabar, 10:25 na dare):
Barista ka yi kira, ga ni na amsa,
Laifin ɗan'uwanka kake son ka rage masa,
Ka ɗora wa injin da ba shi da hankalin kansa,
Bai san gaskiya ba balle ya yi ɓoyewa.

Ba rumbun hukunci ne a cikinta ba,
Ba ta buɗe kundin kotu ta duba ba,
Kalma take bi da kalma, ba ta tsaya ba,
Wadda ta fi kama da daidai take zaɓowa.

Ta ga dubban hukunci, ta haddace tsari:
Suna, juzu'i, shafi, kotu da gari,
Sai ta ƙera sabo, ba ta san haɗari,
Varghese da China Southern haka ya samu fitowa.

Ya tambayi injin: abin da ka faɗa haka ne?
Amsar ma daga wannan hasashen ne.
Shekara 30 yana lauya, ba yaro ba ne,
Buɗe juzu'in ya ga shafin ya ishe shi ganewa.

Hajiya Ladi (Asabar, 10:31 na dare):
Allah ya ƙara basira, 'yar Zazzau! Ilimi a gidansa. Mutanen Kano ku zo ku ɗauki Baristanku, tun zagayen farko ya sha ƙasa.

Nura Ƙofar Mata (Asabar, 10:34 na dare):
Hajiya, da wuri kika fara guɗa. Baiti takwas ya zuba, labarin ya fito tsaf daga farko har tara. Ku jira ya dawo daga sallah.

Barista Lawal (Lahadi, 6:15 na safe):
Idan ba ta san komai ba, ƙanwata,
Wa ya kai ta shafin Air Canada ya girke ta?
Fasinja ya rasa kaka, zai je binne ta,
Ya tambayi rangwamen makoki a wurinta,
Ta ce: sayi tikiti, cikin kwana 90 ka rubuta,
Za a mayar maka da ragi. Ya yarda da zancenta.
Da ya nema, kamfani ya ce ba ruwansa da bakinta,
Wai halitta ce daban, ita ke ɗaukar laifinta.
Kotu ta ce: shafinku ne, ku kuka aje ta,
Dala 812 na Kanada ku biya, an rufe ta.

Kotun ƙananan ƙararraki ta British Columbia ce, Fabrairun 2024. Ku masu ƙera ta kuna tallarta da sunan gwana, idan ta yi ɓarna ku ce ai ba ta san komai ba.

Safiyya Injiniya (Lahadi, 7:02 na safe):
Yaya Barista, shaidarka ta juya kanka,
Kamfani ne ya biya, ba injin da ke bakinka.
Castel bai haramta na'ura ba, koma kan takardunka,
Tsayawa kan ƙarya bayan an nuna ta, shi ya ci ɗan'uwanka.

A watan Maris lauyoyin Avianca suka rubuta wa kotu cewa sun nema ba su ga hukunce-hukuncen ba. Da a nan aka janye, da abin bai kai haka ba. Maimakon haka, a Afrilu aka miƙa wa kotu "kwafin" hukunce-hukuncen, su ma daga ChatGPT ɗin aka ɗebo su. Na Air Canada kuwa gyaransa sananne ne. Duk tambayar da ta shafi farashi ko mayar da kuɗi, ko dai injin ya kwafo nassin ƙa'idar kamfani kalma da kalma, ko ya miƙa ta ga ma'aikaci. A kuma riƙa ajiye hirarrakin ana bitarsu. Injin Air Canada ya saka hanyar zuwa shafin da ke da ƙa'ida ta gaskiya a cikin amsar da ta saɓa mata, kotun ta ce ba aikin fasinja ba ne ya gwada wani sashen shafinku da wani.

Malam Garba Mai Aruli (Lahadi, 8:50 na safe):
Ku dakata. Barista, ka buɗe da karin Mutaƙarab, ka kuma hau shi da kyau a baitin farko. Amma ɗangon farko na baiti na uku ya karye. Mutaƙarab ƙafa huɗu ne a ɗango, kowace gaɓa uku, iyakarsa gaɓa 12. "Dokar Montiriyal ta ce shekara biyu kacal ne" gaɓa 16 ce. Sannan ƙafar da gaɓa marar nauyi take farawa, "Do" kuwa mai nauyi ce. Ga gyara:

Iyakar da doka ta yanke gajera,
Idan ka wuce, ba batun tausaya.

Ke kuma ɗiyata Safiyya, baitinki na biyu "ba, ba, ba" ne. Maimaita kalma guda sau uku ba amsa-amo ba ne, aibi ne.

Barista Lawal (Lahadi, 9:10 na safe):
Allah ya gafarta Malam, ka gyara kari ka kashe shari'a.

Ka cire Montiriyal, ka cire shekara biyu,
Ka bar mini "gajera", wa zai san nawa ne?
Wa'adin nan a kansa aka kori ƙarar,
Baiti mai santsi da babu adadi, ado ne.

Malam Garba Mai Aruli (Lahadi, 9:24 na safe):
Adadin yana cikin zubenka na sama, mai karatu ya riga ya gani. Wanda ya zaɓi kari ya ɗauki alkawari. In ba za ka iya ba, ka yi zube, babu mai tuhumarka.

Ka ce wa Schwartz bai duba shafi ba,
Kai ma ba ka ƙirga ƙafarka ba.

Nura Ƙofar Mata (Lahadi, 9:26 na safe):
Malam, ai kai ma ga "ba, ba" nan a naka, wanda ka hana Safiyya yanzu.

Malam Garba Mai Aruli (Lahadi, 9:40 na safe):
Sau biyu ne a ƙwar biyu, kuma da gangan, don ya ji yadda take a kunne.

Hajiya Ladi (Lahadi, 9:43 na safe):
Sakkwato ta shigo, Kano ta rasa ta cewa. Amma Malam a bar mana 'yarmu, ma'ana ta kawo, kuma ta fi ta kowa.

Musa Ɗan Agadas (Lahadi, 11:05 na safe):
Ni ina bayan Malam a kan kari, ina bayan Barista a kan adadi. Ga sulhu: "Biyu ce iyaka a Montiriyal." A duba mini.

Malam Garba Mai Aruli (Lahadi, 11:30 na safe):
Gaɓa 11, ta shiga iyaka. Ƙafar farko ce ke ɗingishi: "bi" da "yu" duka marasa nauyi ne, ta biyun kuwa nauyi ake so. Ka fi shi kusa, ba ka iso ba.

Alhaji Idi Dawanau (Lahadi, 4:12 na yamma):
Tun safe ake ƙirga gaɓa, an bar maganar da ta shafi aljihu. Wannan a lardin Saskatchewan ne na Kanada. A Maris 2021 mai saye na kamfanin hatsi South West Terminal ya tura wa manomi hoton kwangilar wata ƙwaya da ake matsar mai, sama da tan 80, za a kawo a Nuwamba. Hukunci ya fito a Yunin 2023.

Ku dakata ku ji shari'ar babban yatsa,
Manomi ne a Kanada ya latsa.
An turo masa kwangila ta waya,
Ya aika yatsa, bai rubuta ko ɗaya.
Ma'auni na dala 17 a ranar ciniki,
Ya haura 41, sai ya ƙi cika aiki.
Ya ce: yatsan na nufin saƙo ya iso,
Alƙali ya ce: tsoffin saƙonninku nake so.
A baya da kalma guda kake amsawa,
Kuma kaya na zuwa, kana cikawa.
Don haka sama da dala 82,000 na Kanada za ka biya,
Yatsa sa hannu ne a idon shari'a.

Barista, a nan riɗi da waken suya da zoɓorodo duk a WhatsApp ake ƙulla su, tirela guda da yatsa guda. In farashi ya tashi mai kaya ya noƙe, wannan yatsan zai tsaya a kotunmu?

Barista Lawal (Lahadi, 8:30 na dare):
Ranka ya daɗe Alhaji, hukuncin Kanada ba ya ɗaure kotun Najeriya, sai dai lauya ya kawo shi don jan hankali. Lura kuma, abin da ya ci manomin shi ne tarihin cinikinsu na baya, ba yatsan shi kaɗai ba. A nan, kafin a kai ga ma'anar yatsa sai saƙon ya shiga shaida, ƙofarsa kuwa sashe na 84 na Dokar Shaida ta 2011: a nuna na'urar da saƙon ya fito, cewa ana amfani da ita yau da kullum kuma lafiyarta ƙalau a lokacin, a haɗa da takardar tabbaci mai sa hannu. Hoton fuskar waya da aka tura daga hannu zuwa hannu shi ne abin da lauyan ɗaya ɓangaren zai fara kai wa hari.

Rubuta buhu nawa, kilo nawa a buhu,
Farashi, da ranar kai kaya, da wurin sauke shi.
In ka yarda, ce "na amince" da sunanka,
In gani kawai ka yi, ce "na gani, ban yanke shi".
Kar ka goge hira, kar ka sayar da wayar,
Ranar shari'a ita ce za a nemi a ga cikinshi.

Ga kuma na ƙannena sababbin lauyoyi, tunda Safiyya ta ce mu ne masu laifi. Duk hukuncin da na'ura ta ba ku, ku ɗauki shekara, juzu'i, kashi da shafi ku buɗe kundin rahoton hukunce-hukuncen Najeriya na NWLR ko LawPavilion da hannunku. Sunayen masu shari'ar su dace, kotun ta dace, alƙalan su dace. Ku karanta dalilin hukuncin da kansa, domin wani lokaci shari'ar ta gaske ce amma abin da aka jingina mata ba ta faɗa ba. Ku duba ko kotun sama ta rushe shi.

Malam Garba Mai Aruli (Lahadi, 8:44 na dare):
"Wayar" mace ce, "cikinta" za ka ce. Ka tanƙwara nahawu don amsa-amo.

Auwalu Ɗan Gem (Talata, 1:20 na dare):
Afuwan, data ta yanke, yanzu na biyo sahu. Iyayena kun manta da mu 'yan gem, alhali mu ke da babban labari. War Thunder, na kamfanin Gaijin, wasan tankoki da jiragen yaƙi.

A Yulin 2021 gardama ta kaure,
Wani ya ce sulken tankar Challenger 2 an zana shi a karkace,
Aka ce kawo hujja, ya ɗora littafin soja,
Birtaniya ta ce wannan har yanzu sirri ce.
Oktoba ta zo, sai tankar Leclerc ta Faransa,
Kan saurin juyin hasumiya wani ma ya yi gangance.
2022 harsashin tankar Sin ya biyo baya,
Gaijin na gogewa, tana cewa ba za ta taɓa su ba ko an dace.

Barista kai naka ya kawo hujjar ƙarya,
Namu ta gaske suka kawo, ita ce ta fi zama masifa ce.

Hajiya Ladi (Talata, 6:05 na safe):
Yaro ya yi ƙoƙari. Ɗan ina ne? In ɗan Zariya ne na ƙara masa maki.

Safiyya Injiniya (Talata, 7:15 na safe):
Auwalu ƙanena, "gangance" ba kalma ba ce, amma labarinka daidai ne. Dalilin Gaijin na ƙi shi ne doka: in ta gyara tanka da takardar sirri, ita ma ta shiga laifi, don haka bayanan da aka saki ga jama'a kawai take karɓa. Cire tambarin sirri daga hoton ba ya sauke sirrin.

Ka tsaya a tanka, ka manta da manhajar hira ta Discord,
Jack Teixeira ɗan shekara 21, sojan sama a Massachusetts,
Takardun yaƙin Yukiren ya zuba wa abokan gem,
Suka tsallaka zauren Minecraft, duniya ta gani a 2023,
Shekara 15 aka yanke masa a Nuwamban 2024.

Malam Garba Mai Aruli (Talata, 7:40 na safe):
Wannan ba kari, ba amsa-amo. Jerin kwanan wata ne aka sassara. Auwalu kuma "sirri ne" ake cewa, "zama masifa ce" ba Hausa ba ce.

Nura Ƙofar Mata (Talata, 7:46 na safe):
To Malam ka saka mana Massachusetts a Mutaƙarab mu gani.

Malam Garba Mai Aruli (Talata, 7:58 na safe):
Ba kowane suna ke shiga baiti ba. A ce "wata jiha ta Amurka", a bar sunan a zube.

Barista Lawal (Talata, 8:03 na safe):
Mun dawo kan "gajera" ke nan.

Alhaji Idi Dawanau (Talata, 2:30 na rana):
Barista, na gode da amsa, na tura wa yaran shago. Saura ɗaya. Rabin dillalanmu ba sa rubutu, saƙon murya suke yi: "Alhaji na ɗauka, buhu 300, a loda ranar Alhamis." Shi ma sashe na 84 ɗin ne, ko sai an kawo wanda zai shaida muryar? In kuma da Hausa aka yi shi, wa ke fassara wa babbar kotu, mu ko magatakarda?