Fallen alminiyum na tsagewa wajen lanƙwasa, kofi kuma na tattarewa

Ɗan Koyo:
Salamu alaikum manya. Don Allah a haska mini, kwana uku ke nan ina fama da falle mai kaurin milimita 2, so nake in lanƙwasa shi digiri 90 a inji amma ko dai ya tsage ta bayan gwiwar ko kuma da na ɗaga fanci, wato ƙarfen saman da ke danna fallen, ya ɗan buɗe ya koma wajen 92. Na kuma gwada danna faifai cikin dayi, wato ramin ƙarfen da fanci ke tura falle ciki, in fitar da kofi, bakin duk ya tattare kamar rigar da ba a goge ba. Ina na kuskure?

Tsohon Hannu:
Wa alaikumus salam yaro. Ai in ka lanƙwasa ƙarfe bayan miƙewa yake, cikin kuma matsewa, to in bakin fancinka ya cika kaifi bayan ne ke shan wahalar shi ya sa yake tsagewa. Samu fanci mai baki a zagaye, rabin faɗin zagayen kar ya gaza kaurin fallen, bakin dayin V kuma ya kai ninki 8 na kauri, wato milimita 16 a naka. Sannan ka karkata fallen a haske za ka ga wasu siraran layuka na birgimar da aka yi masa a masana'anta, ka gitta su, kar layin lanƙwasarka ya bi su. Buɗewar nan kuwa halin ƙarfe ne, kowa na fama da ita, ka zarce da digiri 2 ya dawo da kansa. Wane alminiyum ne ma? 5052 da 3003 ba su da gardama, 6061-T6 kam sai an lallaɓa shi.

Injiniya:
Oga ya gama maganar lanƙwasa. Batun kofi, faifan yana shiga ramin da bai kai shi faɗi ba, gefen dole ya takure, in ba abin da ya danne shi sai ya tattare. Ka sa zoben matsi a kai? In matsin ya yi kaɗan tattarewa, in ya yi yawa gindin kofin ya yage daidai kwanar fanci, sai ka yi ta gwaji da gutsattsari har ka dace. Mai kuma a shafa ɓangaren dayi da zoben, ban da kan fanci.

Ɗan Koyo:
Na gode Oga, 6061 ɗin ne wallahi. Zobe ma ban sa ba sam. Faifan milimita 130 ne, fancin 50.

Injiniya:
Kai malam, faifan ya kai ninki 2.6 na fancin ke nan fa! A ja ɗaya da wuya a wuce ninki 2. Fara da fancin 75, ka gasa kofin ya yi laushi, sannan ka riƙa sake ja kana rage fancin kaɗan-kaɗan har ka kai na 50 ɗin.