Yawon keke a fadamar Rima: abin da aka tattauna

Ga abin da na tsinta daga doguwar muhawarar da aka yi kan hanya da lokacin da suka fi dacewa da yawon keke a fadamar kogin Rima, kusa da Sakkwato:

1. Kusan kowa ya yarda turbobin manoma na fadama, daga Kwalkwalawa zuwa wajen Wamakko, sun fi kwalta kwanciyar hankali. Babu mota, sai jakuna da amalanken albasa.

2. A fita bayan asuba. A Afrilu zafin Sakkwato kan haura digiri 40.

3. Ƙaya ce babbar matsala. A riƙe famfo da kayan faci, don mai faci sai cikin gari; inda yashi ya yi yawa kuma tura keken za a yi.

4. An rabu kan lokaci: wasu hunturu, wasu bayan damina da ganye ya rufe ko'ina. Ni dai ƙura ba ta yi mini.

5. Hanyar Goronyo, mafi yawa sun ce a haƙura saboda tsaro.