Shawarwarin matan unguwa a Tawa kan leda da itacen girki

A zaman da matan unguwarmu suka yi a Tawa, maganar leda ce ta fi ɗaukar lokaci, domin duk da dokar 2014 da ta hana ta a Nijar, har yanzu tana maƙale a jikin ƙaya, kuma wata dattijuwa ta ce da idonta ta ga mahauci ya ciro dunƙulenta daga tumbin akuya. Sun ba da shawarar a riƙa zuwa kasuwa da kwando, a kai ƙwarya wurin mai fura. Kan itace, sun yaba murhun laka mai riƙe zafi da jiƙa wake tun dare. Ruwan wankin shinkafa kuwa, wanda nake ganin zubar da shi asara ce, a ba zogalen tsakar gida.